Tambaya da Amsa: Ɗan Filin Bayan Gida Zai Iya Ciyar da Iyali a Birni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce, mu biyar ne a gida, muna haya a tsakiyar birni. Muna da ɗan fili a baya, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, sai kuma baranda. Ina yawan ganin bidiyon mutanen da ke cewa duk abin da suke ci a gidansu suke nomawa, har kaji suna kiwo. Bara na gwada tumatir a bokitai shida. Ya yi tsawo, ya yi fure, amma 'ya'yan kaɗan ne, su ma gindinsu ya yi baƙi. Da gaske ne mutum zai iya ciyar da gidansa da irin wannan fili? Kuma ƙasar birni da hayaƙin motoci ba za su cutar da mu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gara in gaya miki gaskiya tun daga farko: wannan filin ba zai ciyar da mutum biyar ba, ko kusa. Amma zai iya canza abin da ke shiga tukunyarki kowace rana, muddin kin san abin da za ki nema a wurinsa.

Mu yi lissafi tare. Filinki murabba'in mita 12 ne. Matsakaicin abin da ake samu na masara a duniya wajen tan 6 ne a hekta ɗaya, wato gram 600 ke nan a kowane murabba'in mita. Ko da kin cike filin da masara, damina ta yi kyau, tsuntsu bai taɓa ba, kilo 7 za ki tashi da shi. Kwana nawa zai yi muku? Hatsi, mai da sukari su ne ke riƙe ciki, kuma su abin gona ne mai faɗi. Tumatir kuwa kusan duk ruwa ne, gram 100 nasa kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 18 kacal ke ciki, alhali baligi yana buƙatar 2,000 ko fiye a yini. Masu bidiyon nan ba sa nuna miki buhun garin da ke ɗakin ajiyarsu, shi ya sa abin ke kama da sihiri.

Tarihi ma abin da ya nuna ke nan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an ƙiyasta cewa lambunan gida kimanin miliyan 20 a Amurka sun samar da wajen kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun da aka ci a ƙasar. Kayan lambu fa, ba alkama ba. Haka Kuba: da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, fetur da takin zamani suka yanke, mutanen Havana, babban birnin ƙasar, suka mayar da kangwaye da filayen da ba kowa lambuna, suna gina dogayen kwamai suna cika su da ƙasa da taki. Ganye ya wadata a birnin, amma har yau ƙasar daga waje take shigo da alkama da shinkafa mai yawa.

To me ya kamata ki shuka? Abin da yake saurin lalacewa bayan an tsinke shi, wanda kuma kaɗan ake buƙata amma kullum. Latas, alayyahu, ganyen albasa, na'a-na'a, barkono. Ganye yana fara asarar sinadarin bitamin C tun daga sa'ar da aka yanke shi, kuma wanda ya yi kwana biyu a hanya da kan tebur ba ɗaya yake da wanda kika tsinko ruwa na tafasa ba. A nan ne lambun gida ya fi kowace kasuwa. Irin waɗannan ganyaye ba a tuge su, na waje ake ɗiba a bar zuciyar, bayan 'yan kwanaki sun sake tohowa. In kina zuba sabon iri a kwano ɗaya ko biyu duk bayan mako biyu, ba za ki wayi gari da tulin da ya fi ƙarfinki yau, gobe kuma babu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace ga mutum a yini, ku biyar kilo 2 ke nan. Filinki ba zai cika wannan ba, amma ganyen miya da na haɗin salak zai iya ɗauke miki su yawancin shekara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga tumatirinki, domin shi ne ya fi ba ni labarin gidanki. Tsawo ba 'ya'ya yawanci alamar ƙarancin rana ce. Duk abin da ake shukawa don 'ya'yansa, tumatir, barkono, kokwamba, yana son rana kai tsaye awa 6 zuwa 8. Ganye kuwa yakan haƙura da awa 3 ko 4. A birni, katanga da benen maƙwabta ne ke raba rana, ba ke ba. Kafin ki sayi ko ƙwayar iri ɗaya, ki ware yini guda, ki ɗauki alli ko gawayi. Da ƙarfe 8 na safe ki zana iyakar inuwa a ƙasa, ki sake da 10, da 12, da 2, da 4. Da yamma za ki ga taswirar filinki a gabanki: ga lungun da rana ta wuni, ga wanda ta leƙa kawai ta wuce. Sau da yawa nakan tarar mutum ya jera bokitansa inda suka fi kyan gani daga taga, alhali rana tana can wajen igiyar shanya.

Akwai kuma batun barbara, wato garin fure ya isa inda zai sa furen ya zama ɗa. Furen tumatir shi ke yi wa kansa, amma sai iska ko ƙwaro ya girgiza shi. A lungun da katanga ta kewaye, iska ba ta kaɗawa, ƙudan zuma ma ba ya zuwa. Da hantsi ki riƙa sa yatsa kina ɗan ƙwanƙwasa sandar da kika ɗaure tumatirin a jikinta, ya isa. Zafi mai tsanani ma yana sa fure ya kaɗe, wannan kuma sai dai a daidaita lokacin shuka.

Baƙin gindin nan ba cuta ba ce da za ki nemi maganin feshi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan tumatirin ba, kuma galibi ba don babu shi a ƙasar ba, sai don ruwan da ke ɗauke shi yana yankewa. Bokiti yakan bushe ƙaƙas da rana, da yamma a malala masa ruwa, gobe a manta. Ki nemi mazubi mai cin lita 20 ga kowane tushe ɗaya, ki huda gindinsa, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ganye. Kafin ki ba da ruwa, ki tura yatsa har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki bari. In ya fito a bushe, ki zuba a hankali har ya ɗiga ta ƙasa.

Tambayarki ta biyu ita ce wadda na fi so mutane su riƙa yi, amma ba sa yi. Hayaƙin motar yau ba shi ne babban abin tsoro ba, wanki mai kyau yana kawar da yawancin ƙurar da ke sauka a ganye. Abin tsoron yana cikin ƙasa, wato dalma, wani ƙarfe mai guba. An shafe shekaru da dama ana zuba ta a fetur, sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da irin wannan man. Tsohon fenti ma yana ɗauke da ita. Dalma ba ta ruɓewa, inda ta sauka nan take zama, musamman gefen manyan tituna, gindin tsofaffin gine-gine, da wuraren da aka taɓa gyaran mota, fasa batir ko ƙona shara. Kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa, ta hanyar hannu mai ƙasa da ke zuwa baki. In akwai ɗakin gwajin ƙasa kusa da ke, ki kai. In babu, kuma ba ki san tarihin gidan ba, kada ki shuka a ƙasar wurin. Ki shimfiɗa abin da zai raba shukarki da ƙasar wurin, ki ɗora mazubai ko kwami, ki kawo ƙasa daga inda kika amince. Karas da ganyen da ke kwance kusa da ƙasa sun fi kwasar gurɓata, masu 'ya'ya a sama su ne suka fi tsira. Mazubin da aka taɓa zuba fenti, baƙin mai ko maganin ƙwari a ciki, ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode.

Taki kuwa yana cikin kwandon shararki. Ɓawon kayan miya, ɓawon ƙwai, ganyen shayi, ki haɗa da busasshen ganye ko yagaggen kwali wanda ya ninka su yawa, ki riƙa juyawa. Ban da nama, mai da ragowar dafaffen abinci, in ba haka ba ɓeraye za su riga ki girbi. In ya yi wari, ya jiƙe da yawa ne, ki ƙara busasshe. Ɗanyen kashin dabbobi kuma kada ya kusanci abin da za a ci ɗanye. Ƙa'idar noman da ba na sinadari ba a Amurka ita ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Baranda sai da lura. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyin da ido ba ya gani, mazubi mai lita 20 yakan haura kilo 25. Ni kaina na taɓa jera fiye da ashirin a barandar wani bene da na yi haya, ina ta murna, sai ga maƙwabcin ƙasa ya hawo da sallama, ya ja ni ya nuna mini silin ɗinsa ya yi taswira da ruwana. Kunyar ranar har yau ban manta ba. Ki sa faranti a ƙarƙashin kowane mazubi, masu nauyi ki jingina su da bango, kuma ki sanar da mai gida tun kafin ya gani da idonsa. Ruwan sama ma ki tara: kowace milimita ɗaya da ta sauka a murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Sai dai a rufe randar ruf, don kada ki buɗe wa sauro gidan haya.

Kaji ki jinkirta su zuwa baɗi. Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, kuma ta zamani mai kyau takan yi 250 ko fiye a shekararta ta farko, amma tana cin sama da gram 100 na abinci kullum, wanda saye za ki yi. Birane da yawa suna da doka a kan kiwo, wasu sun hana zakara ɗungurungum saboda cara. Sannan kazar da ke tonon ƙasa mai dalma tana iya zuba ta cikin ƙwai. In kin kai ga kiwon, uku sun isa, a keji mai shimfiɗar garin katako, nesa da tagar maƙwabta.

Bana ki tsaya a mazubi takwas ko goma: biyu tumatir, biyu barkono a inda allinki ya nuna rana ta fi daɗewa, sauran duk ganye. Ki ajiye ɗan littafi kusa da ƙofa, ki riƙa rubuta ranar shuka da abin da kika tsinka. Bayan wata uku ki sake rubuto mini, ki haɗa da awannin ranar da kika ƙirga a kowane lungu, sai mu ga ko tumatirin zai zauna a filin ko baranda za a mayar da shi.