Tambayoyin Masu Karatu: Noman Kwangila a Inda Rikici Ya Ɗaiɗaita Jama'a

Tambaya: Ƙungiyarmu ta ƙananan manoma ce, rikici ya raba yawancinmu da gonakinmu, gonar aro muke nomawa. Wani kamfani ya ce zai ba mu bashin iri da taki, ya sayi amfanin da kaka. Mu karɓa?

Amsa: Ku karɓa, amma kada ku sa hannu sai mai gona ya amince a rubuce, gaban shaidu, cewa ba zai karɓe gonarsa ba kafin girbi. Manoma da yawa sun zuba taki, da shuka ta yi kyau aka tashe su, bashi ya rage a wuyansu.

Ku zaɓi abin da ke nuna da wuri. Akwai irin wake mai kwana 60 zuwa 70. Idan hanya ta rufe ko an sake gudu, asarar ba ta kai ta amfanin wata biyar ba.

Inda irin wannan ciniki ya fi lalacewa shi ne wajen biya. Kamfani ya kwashi kaya, kuɗi ya yi makonni bai zo ba, mai iyali kuwa ba ya iya jira, sai ya sayar wa dillali a ɓoye, amana ta karye. Don haka takarda ta fayyace mafi ƙarancin farashi, da ƙari idan kasuwa ta tashi, da ranar biya (biya ta waya ya fi, domin yawo da tsabar kuɗi a irin wannan wuri ganganci ne). A kuma rubuta wanda zai ɗauki asara idan hari ya hana girbi. Kamfanin da ya ƙi tattauna wannan, ku rabu da shi.

Tambaya: Ina za mu ajiye hatsin, tunda babban sito yana jawo ido?

Amsa: Ku rarraba shi gida-gida, ku tara ranar da mota za ta zo kawai. A busar da masara danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari, in ba haka ba ta yi fumfuna, mai saye ya ƙi ta saboda gubar aflatoksin da fumfunar ke haifarwa. Buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai ninki uku da ke hana iska shiga, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin an matse iskar ledoji biyu na ciki, an ɗaure kowace daban. Huda ɗaya ta ɓera ta isa ta ɓata aikin, saboda haka a ɗora buhunan kan katako, nesa da bango.