Jinin da maganin homon ya dawo da shi bayan ɗaukewar al'ada: haila ne?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mace ce mai shekara 52, a Birni nake, nan Damagaram. Wata 15 ke nan al'adata ta ɗauke. Tun kafin ta ɗauke nake fama da wani zafi da ke taso mini daga ƙirji zuwa fuska, cikin dare in farka sharkaf da gumi har sai na sake zane, ko da hunturu ne. Ba barci, ga saurin fushi, ga zafi wajen kwanciyar aure. Likitar mata ta ɗora ni a kan maganin homon, na samu sauƙi ƙwarai, amma yanzu duk wata ina ganin jini kwana huɗu. Yayar maigidana ta ce ina ja da ikon Allah, wai tsufa ba ya da magani. Shin maganin ya halatta? Jinin kuma, in ajiye salla ko in ci gaba?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar yayar maigidanki tana da tushe, sai dai an ɗora ta inda ba wurinta ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Gaskiya ne, ba ƙwayar da za ta mayar da ke ƴar shekara talatin, kuma ba wannan likita take nema ba. Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, sa'ad da sinadaran istirojin da firojestaron, waɗanda ake kira homon, suka ragu a jiki. Raguwar ce ke kawo zafin da gumin da bushewar gaba, tana kuma raunana ƙashi. Maganin yana mayar da kaɗan daga abin da ya ragu don wahalar ta lafa. Tsoho mai sa tabarau don ya karanta Mus'hafi ba wanda ya ce yana ja da ikon Allah. Ba kuma canja halittar Allah ba ne da aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta zarga. Saboda haka halal ne. Wadda abin bai dame ta ba ta bar shi, ba laifi a kanta.

Halaccin yana da sharaɗi, domin Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ba cuta, ba cutarwa. A shekarar 2002 an dakatar da wani babban bincike na irin wannan magani a Amurka a kan mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙaruwar kansar nono da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Matsakaicin shekarun matan 63 ne. Da aka sake bin sakamakon, likitoci suka tsaya a kan cewa wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, galibi amfanin ya fi haɗarin. Amma wadda ta taɓa kansar nono, ko gudan jini ya toshe mata jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko tana da ciwon hanta mai tsanani, ko zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, in likita ya hana ta, to shari'a ma ta hana. Sayen irin wannan magani a tiren mai talla, wanda ya wuni cikin zafin rana na watan Afrilu a garin nan, ko karɓar ragowar na maƙwabciya, wannan ban halatta wa kowa ba.

Yanzu ga jinin, nan aikin yake. Shaihu Halilu a Muhtasar ya siffanta haila da jinin da ya fito da kansa daga gaban macen da a al'ada takan ɗauki ciki. Ki riƙe waɗannan sharuɗɗa biyu: fitowa da kansa, da kasancewar mace cikin masu ɗaukar ciki. Malaman mazhabarmu sun ce jinin mace har zuwa shekara 50 haila ne, daga 70 kuwa ba haila ba ne ko kaɗan, tsakanin 50 da 70 sai a tambayi mata masana. A yau likitar mata da ƙwararriyar ungozoma suna sahun gaba cikin waɗanda ake tambaya, kuma a wurinsu wadda ta cika wata 12 ba jini, al'adarta ta ɗauke. Ke kin yi 15.

To daga ina jinin wata-wata? Mai mahaifa ba a ba ta istirojin shi kaɗai, don yana kaurara shimfiɗar cikin mahaifa har ya iya jawo kansa. Sai a haɗa mata da firojestaron. A wani tsarin ana shan wannan na biyun kwana 10 zuwa 14 a wata, da an tsaya sai shimfiɗar ta zubo. Jinin yana bin kwalin magani ne, ba ƙwan haihuwa ba. In kika daina maganin, zai tafi. Shaihu Abdullahi Manufi, malamin Halilu, ya ce jinin da aka fitar da magani kafin lokacinsa ba a kiransa haila kuma ba a fita idda da shi, amma ya dakata bai yanke hukunci a kan salla da azumi ba. Halilu ya ce abin da ya bayyana a bisa wannan shi ne ba za ta bar su ba.

Mai karatu zai ce: ai malaman sun ce in haila ta yi jinkiri aka sha magani ta zo, haila ce. Haka ne, amma jinkiri daban, yankewa daban. Wancan hukuncin na wadda har yanzu take cikin masu ɗaukar ciki ne. Akwai malaman zamani da ke cewa in jinin ya zo da kamar haila da warinta, haila ne ko da magani ya kawo shi. Ban raina maganarsu ba, amma ban ga yadda za a sauke wa mace sallar kwana huɗu duk wata da jinin da aka san sanadinsa ba.

Abin da nake ba ki fatawa da shi: jinin nan jinin cuta ne, ba haila ba. Ki wanke, ki yi ƙunzugu, ki sake alwala a kowace salla, ki yi azumi, maigidanki ya halatta gare ki. In kin rama azumin waɗannan kwanaki don fita daga saɓani, ya yi kyau, ban wajabta ba. Ba a ƙirga idda da shi. Wadda ta yanke haila wata uku ne iddarta, kamar yadda aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa. Kuma ki koma wurin likitarki ki tambaye ta ɗaya tsarin, wanda ake shan sinadaran biyu kullum ba hutu. Shi aka fi ba wadda ta wuce shekara guda da ɗaukewar al'ada, kuma bayan ɗige-ɗigen watannin farko jinin yakan tsaya.

Wadda al'adarta ba ta ɗauke ba tukuna, tana dai rikicewa, kada ta ɗauki wannan hukunci. Jininta a lokacinsa haila ne. In ya zarce, ta ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta muddin bai haura 15 ba, sannan ta yi wanka. Tana iya ɗaukar ciki ma, maganin ba na tazarar haihuwa ba ne.

Saura ƙananan abubuwa. Ƙwaya da abin matsi, a mayar da su dare a Ramadan. Man shafawa da filastar da ake mannawa a fata ba sa karya azumi. Filastar a mara ko ɗuwawu take zama, ba ruwanta da alwala, amma tana tare ruwa a wankan janaba. In za a iya musanya ta da man shafawa, shi ya fi; in ita kaɗai ta dace da ke, ki shafa a kanta kamar yadda ake yi wa ɗaurin rauni. Akwai kuma tsohon magani mai suna Premarin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, fitsarin doki kuwa najasa ne a mashhurin mazhaba. Yawancin na yanzu daga tsirrai ake harhaɗa su, kamar waken soya, don haka ki sa mai farmasi ya karanta miki kwalin.

In jini ya zo ba a ranakun da kwalin ya nuna ba, ko ya yi yawa, asibiti za ki fara zuwa kafin zauren malam.

Allah ne mafi sani.