Amsa ga mai son rubuta tarihin kakarta malamar jinya

'Yata, na ga tambayarki game da kakarki da ta rasu, wadda ta yi aikin jinya a Zariya har ta yi ritaya, kina neman yadda za ki tattara tarihinta saboda jikokin da ba su yi wayo da ita ba, da kuma irin sadakar da za ku yi mata. Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna makomarta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Mahaifiyata ma nas ce kuma ungozoma, kuma ni 'yan'uwana suka ɗora wa wannan aiki bayan rasuwarta.

Takardar kama aikin kakarki da lasisinta da hotunanta cikin fararen kaya za su ba ki shekaru da muƙamai, amma yawancin abin da ta yi yana bakin mutane, kuma mutanen nan tsofaffi ne, saboda haka kada ki jinkirta. Ki fara sanin inda ta yi aiki. Idan asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne, ki tuna cewa a Tudun Wada yake kafin a koma Shika a 2005, kuma tsararrakinta da tsohon wurin za su riƙa ba ki labari. Idan Wusasa ne ko asibitin Ƙofar Gayan, can ma ba za ki rasa tsohuwar metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ko mai shara da ta yi aikin dare tare da ita ba, kuma masu shara sun fi kowa sanin halin nas da ƙarfe uku na dare.

Bayan su sai matan unguwa. A gidanmu Inna takan dawo daga aikin dare ta tarar da mace a zaure da yaro a goye, kuma kafin ta cire takalmi za ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba ko jini ya yi ƙaranci, sannan ta ce a wuce asibiti yanzu, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Yaƙin da ya fi cin ranta shi ne na jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Inna ba ta taɓa yi wa tsohuwa tsawa a kan wannan ba. Takan zauna a ɗakin mai jego, ta danna ƙafarta da yatsa, ta nuna wa uwar miji yadda ramin ya ƙi cikewa, sannan ta roƙi a rage kanwa. Wata mata ta rantse mini cewa wannan zama ne ya sa ta ga auren 'yarta. Babu fayil ɗin da aka rubuta haka a ciki.

Idan kakanki yana raye, ki same shi shi kaɗai bayan an watse daga gaisuwa. Mijin da ya bar matarsa ta kwana a asibiti a wancan zamani ya sha magana daga dangi, kuma a ganina rabin ladan aikin nasa ne. Mahaifina kan kai Inna bakin ƙofar asibiti a Vespa, ya dawo ya tabbatar mun ci tuwo. Ke ma, da na tabbata kakarki tana tsokanarki da kishiya, ki rubuta naki, har da faɗan da take yi muku a kan wanke hannu.

Abu ɗaya zan ja hankalinki a kai: kakarki ta riƙe sirrin marasa lafiya tsawon rayuwarta, don haka kada ki sa sunan kowa ko ciwonsa ba da yardarsa ba.

Game da sadakar da kika ambata, mu kuɗin da aka ware don buga kalanda muka kai ɗakin haihuwa, muka tambayi metiron abin da ya fi gagarar talakawa. Ta ce kayan haihuwa da kuɗin ƙarin jini, kuma su muke biya duk shekara da sunan Inna.