Alhaji, kafin ka sayi rariyar imel ɗin nan

Wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan gyaran mota daga Chana ya turo min tambaya, wai ma'aikatansa 12 ne, suna da sabar imel tasu ta kansu a ofis, wato kwamfutar da ke karɓa da aika musu saƙonni, amma tarkacen saƙonni sun ishe su, yaron da ke kula musu da kwamfuta ya ce a sayo na'urar tace saƙo a girka ta gaban sabar. Shin kuɗin zai fita?

To Alhaji, shawarar yaron ba shirme ba ce. Aikin na'urar kamar mai gadi ne a bakin ƙofa, akwai wani adireshi da ake kira MX wanda ke faɗa wa duniya inda za a kai wasiƙun kamfaninka, sai a juya shi ya koma kan na'urar, ita ta fara karɓa, ta duba ko mai aikowa na cikin jerin 'yan damfara irin na ƙungiyar Spamhaus mai bibiyar masu aika tarkacen saƙo, ta binciki fayil ɗin da aka liƙa ko akwai bairos, sannan ta miƙa wa sabar abin da ya tsira. Sai dai fa dole a toshe ƙofa ta 25 ta sabar, wato mashigar da imel ke shigowa ta cikinta, kar ta karɓi saƙo daga kowa sai daga na'urar, in ba haka ba ka ɗauki mai gadi ne ka bar ƙofar baya a hangame.

Ni inda nake so ka tsaya shi ne lissafi. Akwatin nan ba janareto ba ne da za ka saya sau ɗaya, kuɗin sabunta lasisi ake biya duk shekara kuma da dala, ranar da ka daina biya ta daina samun sabbin bayanai kan dabarun ɓarayin. Ga wuta awa 24, ga inbata da batir, ga intanet mai tsayayyen adireshi. In an ɗauke wuta saƙo ba ya ɓata nan take, sabar mai aikowa kan yi ta sake gwadawa har kwana 4 zuwa 5, amma kai da ke jiran takardar kaya daga Guangzhou kwantena na zaune a tashar Apapa kuɗin ajiya na hauhawa, ai jinkirin yini ɗaya ma asara ce. Kuma ita kanta na'urar ana iya fasa ta, a 2023 an samu wata ɓaraka a na'urorin tace saƙo na kamfanin Barracuda har kamfanin ya ce wa waɗanda abin ya shafa su canja akwatin gaba ɗaya, gyara ba zai wadatar ba.

Sannan wa zai riƙa leƙa ma'ajiyar saƙonnin da ta tsare? Wannan shi mutane ke mantawa wallahi. Rariya in ta cika matsewa har tsaba take riƙewa, na taɓa ganin odar kwastoma ta kwana tara a tsare saboda babu wanda aka ɗora wa aikin dubawa, mutumin ya ɗauka wulaƙanci ne ya koma wani shagon.

Don haka mutum 12 dai ni ban ga dalilin sayen akwati ba. Ko ka kwashe imel ɗin gaba ɗaya ka koma Google Workspace ko Microsoft 365 ko Zoho, ka biya kuɗin kowane ma'aikaci, tacewar na ciki. Ko in ka nace sai sabarka, yaron ya ɗora manhajar tace saƙo ta Proxmox Mail Gateway, kyauta ce kuma tana aiki da SpamAssassin mai kama tarkace da ClamAV mai kama bairos, a yi mata hayar ƙaramar saba a intanet inda ba a ɗauke wuta. Ya fara da sassauci na sati biyu yana duba abin da ta kama kullum da safe kafin ya matse ta. Ya kuma saita SPF da DKIM da DMARC, wato shaidun da ke tabbatar wa mai karɓa cewa saƙon daga kamfaninka ya fito, don tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kansu, kar naka saƙon ya zama shi ne tarkace a wurin wasu.

Saura abu ɗaya da babu rariyar da za ta tare maka. In ɓarayi suka shiga akwatin imel ɗin dilanka na Chana suka turo maka takardar biya da sabuwar lambar asusu, saƙon zai wuce lafiya lau saboda daga adireshin gaskiya ya fito. Ka kafa wa akawunka doka tun yau, duk saƙon da ya ce an canja asusu kar a tura ko sisi sai an kira mutumin a tsohuwar lambar da kuka saba, ba wadda ke cikin saƙon ba.