Maganar binciken asali da kika tambaye ni

Ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya, kin ce manya sun tsaya kan maganar auren yaron nan don an ce ubansa ya sha giya a zamaninsa, wai da gaske shaye-shaye gado ne ko camfin mutanen da ne kawai.

To ba camfi ba ne duka. Likitoci sun daɗe suna bin rayuwar tagwaye a Turai da Amurka, suka ga kusan rabin haɗarin zama mashayi a jini yake. Mutanen Sin da Japan da Koriya ma da yawansu in suka kurɓa kaɗan sai fuska ta yi ja, zuciya ta hau bugawa, amai ya taso, don hantarsu ba ta narkar da dafin giyar da wuri, shi ya sa ba su cika zarcewa ba. Wani kuma ya sha kwalba uku bai ji komai ba, wannan shi ne abin tsoro.

Amma fa jini ba ya kai yaro mashaya da ƙafarsa, kurɓar farko abokai ne ke miƙo ta. A Finlanda an ga gadon nan ya fi fitowa ga samarin birni kan na ƙauye, inda idon kowa ke kan ɗan kowa. Kuma a Amurka an ga wanda ya fara kafin shekara 15 ya ninka wanda ya kai 21 kusan sau huɗu wajen kamuwa, tunda ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen 25. Mu nan Damagaram ai muna gani, yaro ɗan gidan malamai ya bar lakwal, ya koma kwana a fada, majalisar samarin unguwa, daga shayi sai tramol, daga nan sai a ji an gan shi unguwar Kara-Kara wajen mashaya, wallahi abin na ci mini rai, zama da maɗaukin kanwa ne.

Iyayenmu a unguwar Birni in za su binciki asali ba sunan uba kaɗai suke ji su juyo ba, sai sun tambayi liman da mai unguwa da maƙwabta: wa ya rene shi, da wa yake zama, ƙarfe nawa yake shiga gida. Yanzu an yar da wannan an riƙe laifin uba, kuma ni ban yarda a kashe wa yaro aure a kan haka ba. Ki bar mini maganar, ranar Juma'a bayan masallaci zan ɗauki baffanki mu je unguwarsu mu ga fadar da yake zama.