Ba ƙwallon malamai ke ƙi ba, taken ne

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce kana aji huɗu a sashen tsimi da tanadi, kana son rubuta kundinka a kan ƙwallon ƙafa, amma abokanka sun ce malamin da zai duba aikin ba zai karɓa ba, wai gara ka koma kan rashin aikin yi ko cire tallafin mai kamar kowa. Na daɗe ina taya ɗalibai tsara alƙalumansu kafin su kai wa malamai, don haka ga abin da na gani.

Ba ƙwallon malamai ke ƙi ba. Abin da suke korowa shi ne take irin "Tasirin wasanni ga tattalin arzikin Najeriya". Wannan ɗaukar Dala ba gammo ne. Wane wasa? Wane tasiri? Da me za ka auna shi? Ko a kan tallafin mai ka rubuta irin wannan taken, jan biro zai sha.

Maganar wai ƙwallo ba fagen masana tattalin arziki ba ce, wanda ya faɗa bai bincika ba. Tun 1956 masanin tattalin arziki Simon Rottenberg ya yi nazari kan kasuwar 'yan wasan besbol a Amurka, kuma daga nan fannin ya kafu. Abin da ke jan masana zuwa wasanni shi ne, ma'aikaci ne a gabanka wanda kowa ke ganin aikinsa. Ka san ranar da aka saye shi da kuɗin da aka biya, ka san minti nawa ya buga, ƙwallo nawa ya ci. Je ka wani kamfani a Sharaɗa ka ce a ba ka irin wannan bayani kan ma'aikata, ka ga ko za ka wuce maigadi. Hukuncin Bosman na 1995, wanda ya bai wa ɗan wasa a Tarayyar Turai damar barin ƙungiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare, ai zancen ƙwadago ne tsantsa: wa ke cin ribar gumin ma'aikaci, shi ko uban gidansa?

Abin da zan so ka riƙe shi ne kwatance. Kowane kundi mai kyau da ya bi ta hannuna yana da ɓangare biyu, waɗanda abu ya shafa da waɗanda bai shafa ba. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger haka suka yi. A 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. Suka bi gidajen abinci 410 a ɓangarorin biyu, kafin ƙarin da bayansa, ba su ga ayyuka sun ragu a New Jersey ba. An yi ta cacar baki a kan sakamakon, amma Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Lissafin da ke ƙashin bayan aikin ɗebewa ce kawai, ko a Excel za ka yi ta.

To ƙwallo ta ba ka irin wannan dama a ɓagas. Lokacin korona, gasar Bundesliga ta Jamus ta dawo ranar 16 ga Mayun 2020 ba ɗan kallo ko ɗaya, wasu manyan gasanni suka biyo baya. Ƙungiyoyin su ne dai, filayen su ne, alƙalan wasa su ne, ihun jama'a aka cire. Masu bincike sun gano cewa a wasannin da aka buga ba jama'a, katin gargaɗin da ake bai wa baƙi ya ragu. Wato matsin taro na iya karkata hukuncin mutumin da aka ɗauka aiki don ya yi adalci. Sakamakon wasannin Turai, har da yawan kati, yana nan kyauta a intanet. In kana son kawo shi gida, Kano Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gidanta a gasar lig ba, sai da Nasarawa United ta karya lagon. Tambaya ce mai daɗi, sai dai ka fara tabbatar da cewa za ka samu cikakken tarihin wasannin gasarmu kafin ka miƙa taken, don a nan ɗalibai ke maƙalewa.

Akwai wani yaro da ya zaɓi gidajen kallon ƙwallo na unguwarsu. Ranar farko da ya shiga da takarda da biro, mai gidan kallon ya ɗauka ɗan haraji ne, ya ce shi ba ya samun komai, faɗuwa ma yake yi. Sai da yaron ya ajiye takardar, ya riƙa biyan kuɗin shiga yana zama kan benci kamar kowa, sannan mutumin ya saki jiki ya ɗauko masa wani tsohon littafin makaranta da ya sha maiƙo. Kowace rana an rubuta wasan da aka nuna, kuɗin da aka tara a ƙofa, da litar man da janareta ya sha. Daga wannan littafin ya fitar da yadda jama'a ke raguwa idan an ƙara kuɗin shiga, da yadda ba sa raguwa sosai ranar babban wasa. Masu jarraba shi sun fi daɗewa a kansa fiye da kowa, ba don kushe ba, don sun ga abin da ba a kwafo daga ko'ina ba.

Su kuma batutuwan da abokanka ke tura ka, ba sauƙi gare su ba kamar yadda suke zato. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ya daki kowa lokaci guda, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. In shinkafa ta tashi, wanne ne ya tashe ta? Da wa za ka kwatanta? Rashin aikin yi ma da tarkonsa. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ba da kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai ga kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, ma'aunin aka sauya: yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi, mai aiki ne. Na ga ɗaliban da suka jera waɗannan lambobi a layi ɗaya suka kammala da cewa an samu gagarumin ci gaba. In dai ƙwadagon kake so, gara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na 2024, tunda jihohi ba lokaci ɗaya suka fara biya ba, ka ga kwatance ya samu. Tarihi ma haka: layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, sai ka kwatanta garuruwan bakin layi da na nesa. Amma wannan sai ka shirya zaman ɗakin adana tsofaffin takardu na ƙasa da ke Kaduna, kuma zangon karatu ɗaya zai yi maka kaɗan.

Ni dai da ni ne kai, na koronan zan ɗauka. Kada ka je wa malaminka da baki kawai. Sauke sakamakon gasa ɗaya, kakar 2018/2019 da wasannin da aka buga ba 'yan kallo, ka fitar da matsakaicin katin 'yan gida da na baƙi a kowanne, ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya a saman shafin, ka kai masa. In ka haɗa teburin, turo shi nan mu duba kafin ka shiga ofishinsa. Allah ya ba da sa'a.