Tambaya da Amsa: Amurka bayan 'yanta bayi

Salam malam, ni ɗaliba ce daga Ƙofar Ƙaura nan Katsina, an ba mu aiki kan yadda Amurka ta sake gina kanta bayan yaƙin basasa, na shiga laburare wallahi na rasa ta ina zan fara.

Wa'alaikissalam ƙanwata. Ki tsaya kan 1865 zuwa 1877 kawai, in ba haka ba littattafan yaƙin kansa za su cinye miki lokaci a banza. Ki ɗau littafin tarihin Amurka, buɗe jerin sunaye na can baya, ki nemi Freedmen's Bureau, hukumar da aka kafa 1865 don kula da bayi kusan miliyan 4 da aka 'yanta, da gyaran tsarin mulki na 13 da ya haramta bauta, na 14 a 1868 ya mai da su 'yan ƙasa, na 15 a 1870 ya zo da maganar ƙuri'a, maza kaɗai fa.

In kina da data, laburaren majalisar Amurka ya zuba hirarrakin tsoffin bayi sama da 2,300 a intanet kyauta, ni su na fi so, sai dai an yi su 1936 zuwa 1938 lokacin mutanen sun tsufa tukuf, kuma yawancin masu tambayar fararen fata ne, don haka ki riƙa gwada su da abin da littattafai suka ce.